Ƙarfi Daban, Iko Daban

A wani zagayen duba ɗalibai masu gwajin koyarwa, na zauna a bayan aji a wata sakandare ta cikin birnin Katsina. Ɗalibinmu ya rubuta "The Emir has power" a allo, ya fassara ta da "Sarki yana da ƙarfi". Wani yaro ya ɗaga hannu ya tambaya ko sarkin yana kokawa ne. Aji ya fashe da dariya, amma a ganina yaron ya fi malaminsa fahimtar Hausa.

Kalmar "strength" tsohuwar kalmar Ingilishi ce, daga "strong" ta fito, kuma ma'anarta ta asali ƙarfin jiki ko ƙarkon abu. Ita kuwa "power" baƙuwa ce. Ta shiga Ingilishi daga Faransanci bayan da Normawa suka ci Ingila da yaƙi a 1066, kuma tushenta kalmar Latin ce mai ma'anar iyawa. Wato tun fil'azal "power" ta fi kusa da "iko". Bahaushe yakan ce "ikon Allah" idan abin mamaki ya faru, yakan ce "iko sai Allah". A sa "ƙarfi" a waɗannan gurabe a ji yadda maganar za ta gurgunce.

Tarihin garin nan ma ya isa misali. Turawa sun shigo Katsina a 1903, a 1906 suka tuɓe Sarki Yero suka ɗora Muhammadu Dikko. Da ƙarfin bindiga suka zo, amma abin da suka karɓe shi ne ikon naɗawa da tuɓewa. Haka kuma gyaran ƙananan hukumomi na 1976, wanda ya rushe tsarin En'e, ya bar wa sarakuna sarauta, ya mayar da ikon gudanarwa wani wuri. Ɗalibin da aka koya wa cewa "power" ƙarfi ce kurum, yaya zai bayyana wannan? Kalmomi huɗu yake bukata: ƙarfi, iko, sarauta, da mulki, wadda muka aro daga Larabci. Sannan ga "power" ta lantarki, wadda jama'a suka riga suka yanke mata hukunci: wuta suke cewa, an kawo ko an ɗauke.

Ra'ayina shi ne malami ya daina ba yara jerin kalmomi, Ingilishi a hagu Hausa a dama. Ya ba su jimla, ya tambaye su wace kalma Bahaushe zai sa a nan. Masu cewa a ari kalmar kawai a huta su lura cewa Hausa ba ta bambanta "p" da "f". Shi ya sa samari ke cewa wane "yana da fawa", alhali fawa a wurinmu sana'ar mahauta ce, kuma Sarkin Fawa yana nan da sarautarsa.