Ko girma ya hana karatun malamin asibiti?

Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarmu mai farin jini in tofa albarkacin bakina kan wata magana da ake ta ja-in-ja a kanta a majalisun Tamawa da Kurfi, wai wanda ya haura shekara 35 ya makara ga karatun malamin asibiti.

Gwamnatin Malam Dikko Umaru Raɗɗa da ta hau a 2023 ta yi alkawarin ingantaccen asibiti a kowace mazaɓa cikin 361 na Jihar Katsina. Madalla. To amma gini ba ya duba mara lafiya. Wa zai zauna a ciki? Yaro ɗan birni da aka turo ƙauye, musamman a wannan yanki da ɓarayin daji suka addaba, yakan yi wata biyu ya fara neman canji. Ban ga laifinsa ba. Amma magidanci mai gona da iyali a garin, ina za shi?

Mu yi lissafi irin na 'yan kasuwa. Karatun CHEW a makarantun kiwon lafiya na Kankiya da Daura shekara 3 ne, na ƙaramin mataki kuma 2. Wanda ya shiga yana da 38 zai fito yana da 41. Ritaya kuwa sai a shekara 60. Ke nan saura shekara 19 yana aiki. Wace kasuwa ce za ka sa jarin shekara 3 ka ci riba shekara 19 a ce ka faɗi? In ya yi ƙwazo ma sai ya ƙaro karatun CHO a asibitin koyarwa na Zariya ko Kano, ya zama shugaban asibitin mazaɓa.

Ko a Amurka, lokacin da Dokta Eugene Stead ya buɗe karatun mataimakin likita a Jami'ar Duke a 1965, ba yara ya ɗauko daga sakandare ba, tsofaffin ma'aikatan jinya na sojan ruwa ya fara da su.

Ba na ce babu wuya. Ana neman kiredit biyar har da Turanci da lissafi da darussan kimiyya, wanda kuwa ya bar aji shekara 20 dole ya sake zama jarrabawa tare da sa'o'in 'ya'yansa. Ga kuɗin makaranta, ga cefane, ga damina ba ta jira. Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, sau da yawa in an fito da sanarwar ɗaukar aiki sai ka ji an ƙayyade shekaru, an yar da babba tun kafin a ga takardarsa.

Sai batun mata, wanda ya fi komai. Mun san halinmu, magidanta da yawa ba su yarda namiji ya duba matansu. Matar da ta haihu biyar, ta yaye, ta san naƙuda a jikinta, wallahi masu ciki sun fi sakin jiki da ita bisa ga budurwa.

Don haka ina kira ga Hukumar Kiwon Lafiya Matakin Farko ta jiha da shugabannin ƙananan hukumomin Kurfi da Dutsin-Ma su ware gurabe ga manya 'yan asalin ƙauyuka, a biya masu kuɗin makaranta, su kuma su sa hannu za su dawo gida su yi aiki.



Mai karatunku a kullum,
Tamawa, Jihar Katsina.