Su Sun Wanke Jakararsu

Yau ba labarin soyayya na zo muku da shi ba, wani ɗan ƙorafi gare ni a kan marubutanmu, kuma ɗan yayata ne ya jawo shi.

Yaron yana karatu a Birmingham ta ƙasar Ingila. Kwanakin baya ina zaune a rumfar wani abokina mai sayar da robobi a kasuwar Ƙofar Wambai, sai ga hotuna ya turo mini a waya, wai shi da abokansa sun yi hayar jirgin ruwa sun yi hutun kwana huɗu a cikinsa. Jirgin siriri ne, faɗinsa bai kai ƙafa 7 ba, amma tsawon wasu yakan kai ƙafa 70, kuma a ciki akwai gado da madafa da banɗaki. Ba a teku ake tuƙa shi ba, a kan hanyoyin ruwa ne da mutane suka haƙa, kuma ƙa'ida ba ka wuce gudun mil 4 a awa, wato da kaɗan ka fi mai tafiya a ƙasa. In an iso tudu sai a shigar da jirgin wani ɗaki mai ƙofa gaba da baya, a rufe, a sako ruwa ya ɗaga shi sama, sannan a buɗe ya wuce. Abokin nawa ya duba, ya sake dubawa, ya ce, "Malam, ai wannan Jakararsu ce, su dai sun wanke tasu."

Dariya na yi, amma maganar ta kwana a raina, domin ya faɗi gaskiya fiye da yadda ya zata. Waɗannan hanyoyi ba don shaƙatawa Turawa suka haƙa su ba. Ta Bridgewater da aka buɗe a 1761, kwal take kaiwa birnin Manchester, dawaki ke jan jiragen daga gaɓa. Da jirgin ƙasa ya zo, daga baya kuma manyan motoci, sai kasuwarsu ta mutu, da yawa suka cushe da ciyawa suka zama juji. To me ya ceto su? Littafi, mai karatu. A 1939 wani injiniya mai suna Tom Rolt ya ɗauki amaryarsa suka shiga wani tsohon jirgi suka bi hanyoyin nan, ya rubuta abin da ya gani, aka buga shi a 1944 da sunan Narrow Boat. Wani mai karatu, Robert Aickman, ya rubuta masa wasiƙa, suka haɗu, a 1946 suka kafa ƙungiyar kare hanyoyin ruwan. Mutane suka riƙa fitowa ranakun hutu da shebur suna yashe laka kyauta. Yau kimanin mil 2,000 na hanyoyin suna hannun wata gidauniya da aka kafa a 2012.

Yanzu mu dawo gida. Daga inda muke zaune ba nisa zuwa Jakara, hancinka ma zai gaya maka kafin idonka. Wannan ruwa ya girmi ganuwa. Tsohon littafin tarihin sarakunan Kano ya ambaci kurmin Jakara da baƙin ruwansa tun zamanin Barbushe, a gefensa Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa Kasuwar Kurmi a ƙarni na 15, kuma Bature Heinrich Barth da ya zo a 1851 ya same shi ya yi bayaninsa. Mu da muka gada me muka yi da shi? Kwatar gida ciki, leda ciki, ruwan rini da na jima ciki, haka yake gangarawa har madatsar Wasai a Minjibir, a hanya kuma ana ban-ruwan latas da kabeji da shi, mu saya mu ci.

A 2013 gwamnatin Kwankwaso ta fara aikin rufe shi a shimfiɗa titi a kai, wanda ake kira Wuju-Wuju, aikin da ya yi shekaru a tsaye. Ba na ganin laifin wanda ya yi murna da aikin. Wanda yake kwana da sauro da wari, ruwa na shigar masa ɗaki duk damina, ba tarihin Barbushe ne a gabansa ba. Sai dai rufe ƙazanta ba wanke ta ba ne, za ta ɓulla a gonar da ke gaba. Mutanen Seoul ta Koriya ta Kudu sun taɓa rufe nasu rafin da titi, suka dawo suka rushe titin suka buɗe rafin a 2005.

Kada wani ya ce ina nufin a sa jirgi a Jakara, ai ko kwalekwale ba zai ɗauka ba da rani. Amma muna da Tiga, da aka kammala a 1974 zamanin Audu Bako, ruwa iya ganinka. Muna da Bagauda. Muna da magudanan Kadawa da ke ratsa gonakin shinkafa a Kura da Bunkure da Garun Malam. Bakano nawa ne ya taɓa kai iyalinsa su wuni a bakin ɗaya daga ciki?

A nan marubuta suka shigo. Na karanta littattafan Hausa da ban san iyakarsu ba, in Alhaji ya auri jarumar labari sai Dubai, sai Landan, a can ne za a shiga jirgin ruwa iska na kaɗa mayafi. In kuwa ruwan gida ya fito a labari, to aljana ce za ta fito, ko kishiya ta je jefa laya. Abin mamaki, Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, ɗaya daga cikin littattafanmu na farko da suka fito daga gasar 1933, kacokan neman ruwa ne. Mun fara da ruwa muka juya masa baya. Abin da mutum bai taɓa gani da kyau a labari ba, da wuya ya ji zafin lalacewarsa, ballantana ya tambayi hukuma a kansa.

Kuma ba batun wari kaɗai ba ne. Ranar 30 ga Nuwamba 2021 jirgi ya kife a madatsar Watari ta Bagwai, ya taso daga ƙauyen Badau cike maƙil, akasari ɗaliban Islamiyya masu zuwa Maulidi, aƙalla mutum 29 suka rasu. Allah ya jiƙansu. Na tambayi ɗan yayata yadda aka ba su jirgi alhali ba su taɓa tuƙi ba, ya ce sai da aka koya musu, aka faɗa musu iyakar mutanen da zai ɗauka, aka nuna musu rigunan ruwa. Yaran Badau ba hutu suka fita ba, hanyarsu ce ta yau da kullum.

Littafin da nake jira shi ne wanda jarumarsa 'yar Badau ce, mahaifinta matuƙin kwalekwale, marubucin ya je ya zauna da su ya san kuɗin fito nawa ne, da lokacin da iska ke tashi, da abin da uwa ke faɗa wa ɗanta in zai hau. Abokina mai robobi ya ce in ya fito shi zai fara saye, ya ajiye guda goma a rumfa kusa da bokitai.