Ɗaki guda ma gida ne, a saka shi cikin doka

Da an gama sussukar hatsi, samarin Droum da ƙauyukan Mirya sai su yi ɗamarar cin rani zuwa Damagaram. Wani tura baron ruwa, wani aikin birkila, wani dako a kasuwa. Ga kuma 'yan makaranta da ke zuwa lise da jami'a. A ina suke kwana? Kowa ya sani: su huɗu, su biyar a ɗaki guda, ko a zauren wani, ko a shago bayan an tashi ciniki. Mahukunta ma sun sani. Sun zaɓi su kau da kai ne, abin da ke ƙona mini rai ke nan.

Ba a hana irin wannan zama ba, amma ba a amince da shi ba. A wannan tsakanin ne ake cin zalin yaran nan. Babu takarda, babu rasit. Mai gida ya ƙara kuɗi ranar da ya ga dama, ya watso kayan mutum waje ranar da ransa ya ɓaci. Ɗaki babu taga a zafin bazarar Damagaram, makewayi ɗaya na mutum ashirin, a garin da ƙarancin ruwa ya daɗe yana gallaba. Wasu masu gidajen kuwa da sun ji an ce gwauro ne sai su ce babu ɗaki, kamar rashin mata laifi ne. Tun 1996 Nijar ke da dokar hayar gidaje, amma ku tambayi mai tura baro ko ta taɓa isa ƙofar ɗakinsa.

Masu yanka filaye kuma fili babba kawai suka sani, na mai gina gida da katanga da garejin mota. A 2012 aka tsayar da mafi ƙarancin albashi a kan sefa 30,047, ɗan cin rani kuwa ko mafi ƙarancin albashi ba shi da tabbacinsa. Da me zai kama ciki da falo?

Kada wani ya ce mini tsara masaukin baƙi baƙon abu ne. Unguwar Zango da saukar baƙi ta kafu. Tun zamanin Sarki Tanimun ayarin Agadas da fataken Gadamas ke sauka a hannun fatoma: ya ba su ɗaki, ya adana musu kaya, ya tsaya musu idan rigima ta taso. Haka Hausawa suka yi a zangon Kumasi da Sabon Ibadan. Baƙo yana da haƙƙi, mai masauki yana da nauyi a wuyansa, kowa ya san iyakarsa. Kakanninmu sun tsara wannan ba tare da ofishi ba, mu da muke da hukumar birni da ma'aikatar gidaje mun kasa!

Na san masu cewa ɗakunan samari matattarar shaye-shaye ne da 'yan dabar da ake kira 'yan fale, a rufe su. A rufe su, su koma ina? Birnin New York a Amurka ya gwada: a tsakiyar shekarun 1950 ya hana gina sababbin gidajen haya masu ɗaki guda, tsofaffin suka yi ta ƙarewa, masu kwana a titi suka yi ta ƙaruwa. Yaron da aka hana wa ɗaki tasha zai koma, can kuwa babu mai tambayar sunansa.

Ya kamata hukumar birnin Damagaram ta yi rajistar gidajen nan, ba don ta tatsi haraji ba. Ta ce ga sharaɗi: taga, makewayi daidai da yawan jama'a, rasit a hannu, wa'adi kafin a tashi mutum. A rubuta yarjejeniyar da Hausa, mai unguwa ya zama shaida. Wanda ya cika sharaɗin a sauƙaƙa masa izinin ƙara ɗakuna. Hukumar Droum kuma ta buɗe baki ta nemi wannan, domin 'ya'yanta ne ke kwana a kan buhu a zaurukan mutane, kuɗin da suke aikowa kuma shi ke sayen takin damina.