Ciwon baya a Gidan Sori: wa ke buƙatar tiyata, wa kuma ba ya buƙata?

A 2024 gwamnatin Nijar ta rage kuɗin jinya da rabi a asibitocinta. Sai dai ga manomin Gidan Sori, a gundumar Gidan Rumji, wanda ciwo ke sauko masa daga ƙugu zuwa ƙafa, kuɗin asibiti ba shi ne farkon matsala ba. Kafin ya ga likita ya riga ya sha ƙaho wurin wanzami, ya je wurin mai ɗori, ya kuma saba da Tramol.

Tsakanin ƙasusuwan baya akwai faifan guringuntsi mai kama da matashi. Idan ya tsage ya turo, sai ya danne jijiyar da ke tafiya ƙafa. Galibin masu wannan lalura suna samun sauƙi cikin makonni 6 zuwa 12 ba tare da an yanka su ba, ta hanyar magani da motsa jiki. Tiyatar cire ɓangaren da ya turo daban take da ta ɗaure ƙasusuwa da kusoshin ƙarfe, wadda ake yi idan wani ƙashi na zamewa kan ɗan uwansa. Ta biyun ta fi tsada, ta fi haɗari, kuma ba kowane hoton MRI mai ban tsoro ne ke wajabta ta ba.

A nan 'yan uwa mazauna Kano, Abidjan ko Faransa kan yi kuskure. Da zarar an ce “sai tiyata”, sai a shiga haɗa kuɗin Indiya. Ya fi dacewa kuɗin farko su tafi ga hoto da jin ra'ayin likita na biyu, a Yamai, ko asibitin ƙashi na Dala a Kano, ko cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa da laka ta asibitin koyarwa na Sakkwato. Tarin fuka ma kan cinye ƙashin baya, shi kuwa maganinsa na watanni ne.

Waɗanda suka fi cutuwa su ne masu buƙatar gaggawa. Fitsari ya tsaya ko yana zuba ba sani, tsakanin cinyoyi ya mace, ƙafa ta fara ja: wannan aikin kwana ɗaya ko biyu ne. Amma a ƙauye irin wannan alamar ce ake ɓoyewa don kunya, ko a jingina ta ga sammu, har jijiyar ta lalace kafin a sami motar Maraɗi.