A Duba Ƙarfin Jaki Kafin A Aza Masa Kaya

Abin takaici ne yadda ɗalibai da ma'aikata ke sayen ƙananan kwamfutocin tafi-da-gidanka na gwanjo, sa'an nan su nace lalle sai an sa musu babbar manhaja sabuwa fil. Alhali kuwa furosesa, watau ƙwaƙwalwar na'urar, ita ke yanke hukuncin abin da zai hau.

Ga misali, Intel Atom N270 da ta fito a 2008 mai bit 32 ce kurum. Windows 11 ba ta hawa kanta ko kusa, domin tana bukatar bit 64 da RAM na gigabait 4. Windows 10 kuwa, Microsoft ta janye mata tallafi a watan Oktoba na 2025. Ubuntu ta daɗe da sallamar bit 32, Debian ma ta bi sahu a fitowarta ta 13. Mai irin wannan na'ura sai ya koma ga Debian 12 ko antiX.

To amma ba kowace Atom ce haka ba, gama N450 tana ɗaukar bit 64. Saboda haka wajibi ne mai saye ya karanta lambar furosesa tun yana shago, kafin ya miƙa kuɗin da watakila daga guzirin makaranta ya yago su.