Filin Mata: Jinin Da Likita Ke Ɗiba Don Duba Hanta

Yau maganar asibiti na kawo muku, wata maƙwabciyata kuwa ita ta jawo ta. Ran nan ta shigo mini hankali tashe, ta ce maigidanta ƙafafunsa sun kumbura, ciki ya yi tulu, idanu sun yi rawaya. Da suka je asibiti likita ya ce a ɗebi jini 'yan kwalabe biyu. Uwar miji ta ce atafau, mutumin da ya rame haka ina ya ga jinin bayarwa? A koma gida a kira wanzami ya kafa masa ƙaho. Kun ji fa. Jinin cokali biyu ana ƙyashinsa, na ƙaho kuwa ana murna da shi.

Ku kwantar da hankalinku. Babban mutum yana da jini wajen lita 5 a jikinsa, kowace 'yar kwalba kuwa cikin cokalin shayi ne ko ƙasa da haka. Abin da likita ke nema a ciki shi ne ya san ko hanta tana aikinta.

Hanta ita ce madafar jiki. Abincin da muka ci can ake kai shi, ita kuwa ta sarrafa shi ta fitar da sinadaran gina jiki, watau furotin, ta zuba cikin jini. Akwai awon da ake rubutawa ALT da AST, amma shi hayaƙi ne kawai, yana nuna wani abu na ƙonewa a madafa. Wanda ke son ya san ko har yanzu ana girki, akushi zai duba. Awo biyun da zan faɗa muku su ne duban akushin.

Na fari sunansa albumin. Shi ne furotin mafi yawa a ruwan jini, hanta kaɗai ke yin sa, kuma aikinsa riƙe ruwa cikin jijiyoyi. In ya yi ƙaranci sai ruwan ya tsiyaye ya taru a ƙafa da ciki. Ga mai lafiya akan sami giram 35 zuwa 50 a kowace lita. Amma fa albumin ba ya gaggawa: sai an yi kwana 20 kafin rabin wanda ke cikin jini ya ƙare. Saboda haka labarin ciwon da ya daɗe yake bayarwa. Wanda hantarsa ta kamu shekaranjiya ana iya auna nasa a ga lafiya lau. Kuma kada wata ta ga lambar ta yi ƙasa ta ɗora hannu a ka. Ciwon ƙoda na zubar da shi ta fitsari, yunwa da doguwar jinya na rage shi, mai juna biyu ma nata kan ɗan sauka ba tare da wata cuta ba. Likita ne zai haɗa wannan da wancan ya gane.

Na biyu shi na fi so ku riƙe. In kin yanke da wuƙa wajen yankan kuɓewa, me ke tsai da jinin? Waɗansu furotin ne, yawancinsu hanta ke yi. A ɗakin awo sai a zuba magani cikin ruwan jinin a duba agogo a ga daƙiƙa nawa zai yi kafin ya daskare. Wani likitan Amurka, Armand Quick, shi ya fito da dabarar a 1935. A takarda za ku ga an rubuta PT, ga mai lafiya wajen daƙiƙa 11 zuwa 13, ko kuwa INR, wanda ya kamata ya tsaya kusa da 1. Ɗaya daga cikin furotin ɗin nan rabinsa kan ƙare cikin awa 6, don haka hanta na gazawa lambar za ta hau cikin kwana ɗaya ko biyu. Wani lokaci laifin na rashin bitamin K ne, kamar ga wanda hanyar matsarmamarsa ta toshe. Sai likita ya yi allurar bitamin ɗin ya sake awo. In lambar ta sauko, to, hanta na da sauran ƙarfi.

Yanzu ku dubi mutumin da jininsa ba ya daskarewa, a ce a tsattsaga masa baya da aska, ko a yi masa sakiya a ciki. Wa zai tsai da jinin? Askar nan kuma in ta taɓa wani ba a dafa ta ba, tana ɗaukar ƙwayar ciwon hanta mai suna hefataitis B, wadda ta yi yawa a ƙasarmu. Tun 2004 aka sa rigakafinta cikin alluran yara a Nijeriya, ta farko kuwa cikin awa 24 da haihuwa ake so, kafin ranar suna da askinta.

In za ku raka marar lafiya, ku tafi da duk maganin da yake sha, har saiwa da jiƙo, kada ku ji kunya. Mai shan maganin tsinka jini irin su warfarin ya faɗa tun kafin a ɗiba, don yana daɗa lambar INR. Takardar sakamako kuwa a adana ta a ƙasan adaka, gama likita ya fi son ya gwada ta bara da ta bana.

Maƙwabciyar tawa dai ta yi ta lallashin surukarta har aka koma asibiti ran Litinin. Wanzami ya riga ya iso zaure da zabirarsa, aka ba shi goro aka sallame shi.