Sharhi: Abin da Kaza ba ta Koya wa Ɗan Zabo ba



Da damina ta kankama a Kahu da sauran ƙauyukan Rano da Kibiya, ƙorafin masu kiwon zabi ɗaya ne: zabuwa ta ƙi akurki, ta shige ciyawar bakin gona ta ɓoye ƙwai. In aka gano wurin aka kwashe duka, sai ta sauya wani. Shi ya sa mai wayo kan bar mata ɗaya ko biyu, ya kai sauran ƙarƙashin kaza mai kwanci. Ƙwan kaza kwana 21 yake yi, na zabuwa kuwa sai an ƙara kusan mako guda.

'Yan tsakin na fitowa, kazar nan suke bi duk inda ta sa ƙafa. Konrad Lorenz, masani ɗan ƙasar Ostiriya da ya samu kyautar Nobel a 1973, ya nuna haka da 'ya'yan dinya: abin da suka fara gani yana motsi shi ne uwa, ko da mutum ne.

To amma ku jira 'yan zabin su girma. Magariba na yi, kaza ta nufi akurki, su kuwa su haye bishiya. Baƙo ya shigo, su cika gida da kwarmato. Wa ya koya musu? Kowa ya ga zabuwa, da zanenta ya gan ta.

Masana sun ce gado ne daga daji. Zabon da ya kwana a ƙasa, muzuru ya yi kalaci da shi. Zabuwar da ta yi ƙwai a fili ba ta bar baya ba. Masu tsoro da ɓoyo su suka hayayyafa, halinsu ya bi jini. Wannan shi ne bayanin Charles Darwin a littafinsa na 1859. Wasu da jin sunansa sai su kau da kai, alhali duk manomin da ke ware zangarniya mai kyau don iri ya san yadda zaɓe ke sauya zuri'a.

Saboda haka ni ban yarda zabuwa wawiya ce ba. Har yau 'yan uwanta na nan a dajin Falgore, kuma a can wannan hali ne ke raba su da bakin maciji da farcen shaho. Mai kiwon da ya tara ƙaya da ciyawa a lungun gida, inda yara ba sa kai-komo, ya fi mai bin ta da sanda samun ƙwai.